Fuskar da Ta Fito a Gilashin Kabad

Ranar Laraba da la'asar Habibullah ya shiga gidan kallon Ɗanjuma da ke bayan kasuwar Gumel, yana ta murmushi shi kaɗai kamar wanda aka yi wa albishir. Ya zo ne ya ga aikin hannunsa a babban talabijin. Ɗanjuma kaɗai ke da irinsa a unguwar, mai kala, faɗinsa ya kusa rabin ƙofa, kuma ranar ce za a fara saka kaset ɗin da Habibullah ya ɗora wa sabuwar talla.

A shekarar 1998 ɗin nan, ɗaukar biki da suna ita ce sana'arsa, da wata kyamara da kawunsa ya kawo masa daga Jidda. Amma kansa ya fi ƙarfin biki da suna. Ya lura kowane kaset na fim yana da ɗan fili a farkonsa, inda ba a ganin komai sai yayyafi kafin fim ya taso. Sai ya riƙa toshe ramin bayan kaset da salatef, ya jona kyamara da bidiyo, ya cusa tallar 'yan kasuwa ta minti biyu a wannan filin. Kaset kuwa ba ya zaman wuri ɗaya. Daga gidan kallo ya faɗa shagon haya, daga nan ya shiga ɗakunan matan aure, abin da ka ɗora yau a Gumel sai ka ji wani sati ana labarinsa a Damagaram. Ya yi wa mai gyaran rediyo, ya yi wa mai kilishi, dukansu sun ga canji. Ta uku ita ce ta shagon ɗinkin Madam Selina.

Madam Selina matar wani malamin gona ce da aka turo daga wajen Filato tun kafin a ba Jigawa jiha. Ta daɗe a garin har Hausarta ta fi ta wasu 'yan gida daɗi. A shagonta Jannatu ke koyon ɗinki. Jannatu 'yar fari ce ga Malam Ilu na Ɗanzomo, manomin riɗi, tana zaune wajen gwaggonta a Gumel. Ita ce kuma yarinyar da Habibullah ya shekara biyu yana jin sunanta a cikin ƙarar babur ɗinsa da cikin saukar ruwan sama. Jibi Juma'a, in an sauko daga masallaci, baffanninsa za su tafi Ɗanzomo neman masa aurenta. An riga an sayi goro, an sayi alawa.

Riga ba ta kyau a rataye, sai a jikin mutum. Shi ya sa ranar ɗaukar tallar shi da Madam suka taru a kan Jannatu, tunda ita ta ɗinka rigunan uku da hannunta. Ta ƙi, ta ce Baba ko hoton kati bai yarda ta ɗauka ba in ba na makaranta ba.

"Daga wuya zuwa ƙasa kawai," in ji Habibullah. "Wallahi ko haɓarki ba za ta fito ba."

"Ka rantse fa, Habibu."

"Na rantse. In fuskarki ta fito, ki ce ban taɓa sonki ba."

Suka lulluɓe babban madubin shagon da zane. Ya ɗauka, ya maimaita kallonsa sau uku ta ɗan idon kyamarar nan da bai fi kwalin ashana ba, wanda ba ya nuna komai sai fari da baƙi. Bai ga wani abu ba.

Yanzu ga shi tsaye a bayan benci, maza wajen ashirin sun zuba ido. Yayyafin ya wuce, muryar Madam Selina ta cika ɗakin: "Mata, ina masu son ado? Ku zo bayan tashar mota, ku tambayi shagon Selina!" Riga ta farko ta fito, shuɗiya, hannuwa biyu suna gyara bakin zane. Ta biyu ta fito. Zuciyar Habibullah ta cika fal. Sai ta uku, koriyar atamfa mai zanen ganye. Mai rigar ta juya a hankali don a ga ɗinkin baya.

A gefen hagu na hoton akwai kabad mai gilashi inda Madam ke ajiye zare da maɓallai. A cikin gilashin nan fuska ta bayyana tar. Jannatu ce tana dariya, ɗankwalinta ya zame har kitsonta ya fito, idanunta a kan mutumin da ke riƙe da kyamara, da irin kallon da yarinya ba ta yi wa kowa sai mutum ɗaya.

"Kai! Ashe mai rigar ta fi rigar kyau!" wani ya faɗa daga gaba.

Aka sheƙe da dariya. "Ɗanjuma, dawo mana da shi baya!"

Habibullah bai san lokacin da ya tsallake benci biyu ba. Ya danna bidiyon, kaset ya fito, ya cusa shi cikin riga. Ana ta ihu ana zaginsa, Ɗanjuma ya saka musu wani fim ɗin 'yan Cana, ya jawo shi waje.

"Kaset nawa ka ɗora wa wannan abin?"

"Uku. Wannan, da na Gagarawa Tasha, da na mai gidan kallon Sule Tankarkar, Kyauta."

"Kai dai da kyamararka sai kun kashe mu. Ba ka duba ba ne?"

"Na duba, Ɗanjuma, wallahi na duba. A nawa ba ya fitowa."

"To a na mutane ya fito. Je ka Sule Tankarkar, ni in rufe da wuri in nufi Gagarawa. Mai gidan kallon can abokina ne, sai ranar Asabar yake canza kaset."

Kafin ya kama hanya sai da ya tsaya a shagon. Ya so ya gaya wa Madam kaɗai daga bakin ƙofa, amma keken ɗinkin da ke ciki ya yi shiru tun bai gama magana ba. Jannatu ta fito da tef a wuya, ta tsaya tana dubansa. Ba ta yi kuka ba, kuma da ta yi kukan da ya fi masa sauƙi.

"Sule Tankarkar ka ce? Habibu, samarin garinmu can suke zuwa kallo da keke."

"Yanzu zan karɓo shi. Kafin magariba yana hannuna."

"Ka rantse mini."

"Jannatu..."

"Ni ban ce ka sake wata rantsuwar ba. Ta farkon nake tuna maka."

Madam Selina ta dafa kafaɗarta, ta juyo gare shi. "Tsayuwar me kake yi? Ka tafi mana! Yesu, ni da na rufe madubi da zanena mai tsada, na manta da wannan shegen kabad ɗin."

Lokacin wahalar mai ne, gidajen mai duk a rufe. Abin da ke tankinsa bai fi ya kai shi ya dawo da shi ba. Ya bi hanyar yamma, gonakin riɗi suna wucewa dama da hagu, an fara yanka ana jingina dammuna. Duk mai keken da ya wuce sai ya ji kamar ya riga ya gani, kamar dariya yake yi masa. Ya isa ya tarar da gidan kallon Kyauta da kwaɗo. Mai shayin da ke gefe ya ce ai tun azahar Kyauta ya loda talabijin da bidiyo da janareta da jakar kaset a mota, ya yi Maigatari. Haka yake yi duk Laraba, ya kwana can, ya kafa rumfa ranar Alhamis ta kasuwa.

Ana kiran magariba ya shigo Gumel yana tura babur. Ɗanjuma ya dawo da na Gagarawa, ba a ko saka shi ba. Saura ɗaya. Habibullah ya yi alwala ya yi salla, bai san me ya karanta ba, ya wuce ƙofar gidan gwaggon Jannatu ya aika a yi masa sallama da ita. Da ta ji sunan Maigatari sai ta jingina da bangon zaure.

"Gobe Baba zai je Maigatari."

"Yin me?"

"Sayo ragon da za a yanka wa baffanninka."

Ya ce ai Malam ba ya shiga gidan kallo. Ta ce ba sai ya shiga ba. Rumfar Kyauta tana daf da inuwar da mutanen Ɗanzomo ke ɗaure dabbobinsu, kuma kowa ya san da safe yakan juyo da talabijin waje, ya saki farkon fim kyauta don ya jawo 'yan kallo. Farkon fim kuwa, su biyun sun san abin da ke wurin.

"In ya gani, ba ɗinkin kaɗai zai raba ni da shi ba," ta ce a hankali. "Ka san Baba. Ba ya faɗa, ba ya zagi. Cewa kawai zai yi a mayar da goro."

Ta shige gida, ba sai da safe.

Da asuba ya samu kwalba biyu ta mai a wajen 'yan bumburutu. Tun daga warinsa ya san an sirka da kananzir, amma ba shi da zaɓi. Babur ya tashi yana tari. Ya yi rabin hanya lafiya, sannan ya fara shaƙewa, ya yi wata ƙara, ya mutu. Habibullah ya buga, ya buga, har ƙafarsa ta yi tsami. Ya cire fulogi ya goge da bakin riga, ya hura, ya mayar. Shiru. Rana ta fara ɗagowa, kuma ya san Kyauta ba ya wuce hantsi bai tayar da janareta ba.

Ya tura babur cikin wata gona, ya bar wa wani dattijo da ke yankan riɗi amanarsa. Ya tsaya a bakin titi yana ɗaga hannu. Motoci biyu suka wuce maƙil da mutane har kan rufi. Ta uku wata tsohuwar babbar mota ce mai lambar Nijar, ta kai shanu kudu tana komawa wayam. Direban ya leƙo, ya kira shi da mushe, wato malam a bakin mutanen Nijar.

"Lafiya, mushe? Ka yi kamar wanda aka biyo."

"Maigatari, don Allah. Rai ne a ciki."

"Hau baya, amma ka yi hankali da kashin shanu."

Ya tsaya riƙe da ƙarfe, iska tana dukan fuskarsa, yana roƙon Allah abubuwan da bai taɓa zaton zai roƙa ba: janaretan Kyauta ya ƙi tashi, bidiyon ya cinye zaren kaset, Malam Ilu ya makara. Kusa da gari garken shanu ya tare hanya, masu dogayen ƙaho, suna tafiya kamar ba su da inda za su. Ya diro daga motar ya kama gudu.

Kasuwar ta riga ta cika. Raƙuma a durƙushe, dillalai suna cusa hannu cikin hannun riga suna ciniki, masu fura, masu igiya, Buzaye da rawunansu. Ya kutsa yana ba da haƙuri, ya taka wani, ya ture tiren goro, ya ji ashar a bayansa bai waiwaya ba. Bai san inda rumfar take ba, sai kunnensa ya nuna masa. Daga can gabas, a saman kukan awaki, ya jiyo muryar da ya sani:

"Mata, ina masu son ado?"

Ya iso lokacin da shuɗiyar riga ke kan talabijin. An ɗora shi kan tebur a bakin rumfar zana, mutane sun yi masa zobe. Kyauta da bidiyon suna can ciki, bayan mutane, ba zai kai gare su ba kafin riga ta uku. Abu ɗaya ya rage masa. Ya ratsa zoben, ya tsaya a gaban talabijin ɗin, ya ba shi baya, ya baza hannuwa da rigarsa ya rufe shi ruf.

"Kai, wane ne wannan?"

"Malam, gilashi ne kai? Matsa mana!"

"A janye mahaukacin nan!"

Bai motsa ba. Yana jin zafin talabijin a gadon bayansa, yana ƙirgawa a zuci. Riga ta biyu yanzu. In ya jure kaɗan, fim zai taso, shi ke nan. Ɓawon gyaɗa ya same shi a goshi. Ya ɗaga ido don ya ga mai jifan, sai idonsa ya faɗa cikin na wani dattijo dogo mai farar hula, tsaye a sahun gaba, riƙe da igiyar wani jan rago.

Malam Ilu ne, yana dubansa.

Abin da ya biyo baya ba shawara ba ce. Tun yana yaro aka saba masa, kuma shekara biyu ke nan ko a kan babur ya hango wannan dattijon sai ya sauka. Ba a tsayuwa ƙiƙam a gaban suruki, balle a haɗa ido da shi. Gwiwoyinsa suka lanƙwashe da kansu. Ya zube ya tsuguna, ya cire hula, kansa a ƙasa.

"Barka da hantsi, Baba."

Sai da kalmomin suka fita ya tuna abin da ya bari a saman kansa. Wani saurayi ya yi fito, wani ya ce, "Tubarkalla!" Kiɗan farkon fim ɗin Indiya ya taso, ya rufe sauran maganganun.

Habibullah bai ɗago ba. Yana ganin takalman Malam Ilu kawai, na fata, da ƙafafun ragon. Takalman suka daɗe ba su motsa ba.

"Taso, ɗan nan," in ji dattijon. Muryarsa ba ta canza ba ko kaɗan.

Ya bi shi zuwa gindin wata bishiyar maina da ke bayan rumfar, inda hayaniya ta ɗan ragu. Malam Ilu ya ɗaure ragon a saiwa, ya aika aka kira Kyauta, ya ce masa a cire kaset ɗin nan a kawo. Kyauta ya buɗe baki zai yi maganar 'yan kallo, ya dubi fuskar dattijon, ya fasa. Da aka kawo, Malam Ilu ya juya shi a hannu, ya shafa salatef ɗin da babban yatsa, ya zura shi a aljihun babbar riga. Habibullah yana tsugune nesa kaɗan.

"Kai ka ɗauka?"

"Ni ne, Baba."

"Tilasta ta aka yi?"

"A'a. Amma ta ƙi, ni na lallashe ta. Na rantse mata fuskarta ba za ta fito ba. Mun rufe madubi, gilashin kabad ne ban lura da shi ba. Laifin duk nawa ne, Baba, ita ba ta..."

"Da fuskar ba ta fito ba, sai me?"



"Tun rigar farko na gane ta," in ji Malam Ilu. Bai kira sunanta ba, bai taɓa kira ba, 'yar fari ce. "Ɗan yatsanta na hagu, lauje ya yanke shi tana shekara bakwai, ta bi ni gona ba da sanina ba. Ni na ɗauko ta a kafaɗa har asibiti. Kai a ganinka in ka sare wa yarinya kai, ubanta ba zai san hannunta ba? Duk wanda ya fito daga Ɗanzomo a wurin can ya gane ta. Kunyata ce ta hana su magana."

Hawaye suka zubo wa Habibullah, ya bar su.

"Su wa suka ɗinka kayan?" in ji Malam Ilu.

"Ita ce, duka ukun."

Dattijon ya juya yana kallon wajen da raƙuma suke. Wani abu ya gifta a fuskarsa, ya ɓace kafin a gane ko mene ne.

"Ni na ɗauka har yanzu bakin zane take kalmasawa," ya ce, kamar da kansa yake. Sannan ya juyo. "Akwai wasu irin wannan?"

"Biyu ne, duk suna hannuna. Yau zan goge su."

"Ka san hanyar gidana. Ka san inda nake zama bayan la'asar. Da kai da ita da matar nan mai shago, ba wanda ya ga ya dace a tambaye ni. Wataƙila in hana, wataƙila in ce a sa mata mayafi a ɗauka. Yanzu ba wanda zai san wanne zan ce, har ni."

"Ka yafe mini, Baba."

"Yafiya daban, aure daban."

Habibullah ya ƙara sunkuyar da kai. Ya ji kasuwar duka ta yi nisa, kamar ana cinta a wani gari. Ga ta nan tafe, maganar goro.

"Su zo goben," in ji Malam Ilu.

Ya ɗago kai da sauri, ya sake sunkuyarwa.

"Amma har da kai."

"Ni, Baba? Ai ba a zuwa da..."

"Na san ba a zuwa da yaro wajen neman aurensa. Kai za ka zo. Ka zauna a zaurena, gaban baffanninka da 'yan'uwana, ka faɗi abin da ka yi da bakinka, tun daga rantsuwar har zuwa yau da ka tsaya gaban jama'a kana baza riga. Kada ka rage komai, kada kuma ka sa sunanta a cikin laifin. In baffanninka sun ji, suka ga har yanzu suna da bakin da za su roƙa maka, ni zan ba su. In sun tashi sun kaɗe riguna, ba ni na kore ka ba."

Ya kwance ragon, ya naɗe igiyar a hannu, ya nufi wajen motocin Ɗanzomo ba tare da ya waiwayo ba.

Habibullah ya daɗe a tsugune. Babban baffansa mutum ne da ya taɓa fasa zuwa ɗaurin auren ɗan cikinsa saboda ƙarya ɗaya da yaron ya yi masa, kuma har yau bai san ana cusa wani abu a farkon kaset ba, balle 'yar mutane. Gobe in an sauko daga masallaci zai ji komai, a gidan baƙi, daga bakin wanda ya jawo masa tafiyar.

Ya miƙe, ya tambayi inda motar Gumel ke lodi. Ya samu wuri a baya, tsakanin wata mata mai kaji da buhun kanwa. Motar ba ta cika ba tukuna. Ya jingina kai da taga, ya fara neman kalmar da zai buɗe baki da ita a zauren, duk wadda ya ɗauko sai ya ji ba za ta fita ba.